Ƙudan Zuman Pak Wagiran

Shekara ashirin da biyu ina soya tempe, wato wainar waken soya, a ƙofar firamaren ƙauyenmu, ban ga malamin da yara suka mayar maƙaryaci ba gaira ba dalili kamar Pak Wagiran na aji huɗu ba. Pak muke ce wa babban namiji don ladabi, mace kuma Bu. Siririn mutum ne mai tsohon keke, wanda ko tsinken sakace bai taɓa ɗauka a teburina ba sai ya tambaya.

Darasi ɗaya ne ya hana shi sakat. Duk shekara sai ya zo shafin da aka ce ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ne ke kwasar garin fure daga wannan fure zuwa wancan har shuka ta yi 'ya'ya, duk shekara kuma sai aji ya fashe da dariya. Mu nan gaɓar kudancin tsibirin Jawa kankana muke nomawa, kuma kowane yaro ya san mai wannan aiki, uwarsa ce. Da sassafe mata ke shiga gonakin Pak Haji Dulkamid, su tsinki fure namiji su goga wa macen, ɗaya bayan ɗaya, a biya su kuɗin yini. Ɗaurin aure muke ce masa. Ƙwari kuwa feshi ya daɗe da gamawa da su, ni kaina rabona da ganin ƙudan zuma tun ina goyon fari.

Wata shekara yara goma sha tara suka rubuta sunayen iyayensu mata a jarrabawa, da aka tambayi mai kai garin fure. Sufeto ya soke da jan biro, ya ce malamin ya ƙara himma. Abin ya ci wa Pak Wagiran rai. Ya ce mini ba ya neman komai kafin ritaya illa aji ɗaya tak ya yarda cewa ba tatsuniya yake ba su ba.

Sai ya shuka furanni da lemun tsami a bayan aji, ya hana feshi. Ranar da korayen tsutsotsi suka bayyana a ganyen lemo, ya zo ya ja ni in gani, sai ka ce jika aka haifa masa, don su ne za su zama malam-buɗe-littafi. A makon ne takarda ta zo cewa za a yi gasar makarantu masu kula da muhalli. Shugabar makarantar, Bu Sriyatun, ta ga ganye duk huji, ta ce ba da ita za a yi wannan abin kunya ba. Ran Lahadi ta sa aka feshe lambun tas. Ran Litinin yara suka wuni suna yanka malam-buɗe-littafi na takarda, aka soke su a waya aka kakkafa. Alƙalai suka sha hoto, muka zo na biyu, kuma tunda lambun Pak Wagiran ne, shi aka ba ya riƙe kofin. Tausayinsa ya kama ni har na bar tempe ya ƙone.

Saura wata biyu ya ajiye aiki, ya sayar da akuyarsa ya ɗauko hayar a-kori-kura. Aka loda yara da ni da tukunyar shinkafa, muka hau duwatsu wajen surukinsa mai kiwon zuma. Kabewa ta yaɗu a bayan gidan, ƙudan zuma na shiga fure suna fitowa rawaya fes, su faɗa na gaba. Yara suka durƙusa suna kallo. Pak Wagiran na tsaye hannu a baya, idanunsa sun ciko.

Lastri ce ta fara magana, 'yar wata gwauruwa da ke cikin masu ɗaurin aure.

"Pak Guru," wato Malam, "ƙarfe nawa suke tashi daga aiki?"

Ya ce sai rana ta faɗi, kuma ba su san hutun mako ba.

"Nawa ake ba su?"

"Ko rufiya ɗaya, 'yata," in ji shi, yana murmushi. "Kyauta suke yi."

Ta daɗe tana kallon furen, sannan ta ce a hankali, "To don Allah kar ka gaya wa Pak Haji. Da me za mu ci abinci?"

Ba wanda ya yi dariya. Surukin ya riga ya naɗe ƙaramar amya a buhu ya ɗora a mota, kyautarsa ga makaranta. Pak Wagiran ya dubi amyar, ya dubi yara ashirin da uku da suka yarda da shi yau, duk sun zuba masa ido. Da hannunsa ya sauke ta ya mayar wa surukin, ya ce wa direba mu tafi.