Dubiya ta Taga

Shekarun baya, lokacin girbin dawa, mahaifiyata ta taka kututture a gona. Da yake tana da ciwon suga, ɗan raunin ya zama gyambo, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Muka yi ta sayen kafso a kemis kamar masu sayen gyaɗa, daga ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti a Kano.

A can aka dangwali ruwan gyambon da auduga aka kai gwaji. Da sakamako ya fito, likita ya ja ni gefe, ya ce ƙwayar cutar da ke ƙafar ta fi ƙarfin har allurar da ba sa taɓawa sai komai ya gagara. Za su gwada wani haɗin magani, amma dole a ware ta a ɗaki ita kaɗai da mai jinya ɗaya, don a hannun mutane ƙwayar ke yawo daga gado zuwa gado. Ranar na sha kallo. Ma'aikata sanye da safar hannu suka bi ƙarfen gado da famfo, har da marasa lafiyar da ke kusa da ita, suna dangwala suna kaiwa gwaji don su san inda abin ya kai.

Duk wannan bai dami mahaifiyata ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne an hana dubiya. Mace ce da ko akuyarka ce ta yi ɗingishi sai ta zo ta yi maka sannu.

"Kai," ta ce, don ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, "mayya ce ni da za a kulle? In ba za a gan ni ba, haɗa mini kayana. A gida ma akwai Allah."

Likita kuwa ya riga ya gaya mini in ta tafi a haka, ƙafar sai yanka. Na lallashe ta da ƙyar, aka naɗa ni sarkin ƙofa.

Ranar Juma'a mota guda ta sauke matan ƙauyenmu daga can wajen Ɗanbatta, da kwanukan fura, gwaggona a gaba. Na gyara tsayuwa, na buɗe murya irin ta manya na ce an hana shiga.

Gwaggo ta ce, "Wa ya hana? Kai? Kai da na goya kana yi mini fitsari a baya?"

Nan take sarautata ta ƙare. Amma wata nas ta tsaya mini, ko gezau. Gwaggo ta fita a fusace, ta zagaya bayan ginin tana faɗa, ba ta san a ƙarƙashin tagar mahaifiyata take tsaye ba. Sai ga taga ta buɗe.

"Yaya, ke ce? Wa da wa kuka zo?"

Nas ta leƙo, ta yi dariya, ta ce hakan ya yi, amma ba musafaha, kuma kwanon da ya shiga ba ya fita. Daga ranar inuwar darbejiyar bayan ɗakin ta zama zaure. A shimfiɗa tabarma, a gaisa, a ba ta labarin wa ta haihu, wa ya kai gero rumbu. Ba ta sake maganar haɗa kaya ba, ta zauna aka yi mata allurarta har ƙarshe.

Da aka sake gwaji aka ce gyambon ya tsarkaka, na fita baranda na yi kukana na share, na dawo kamar ba ni ba.

Har yau ina tuna yadda wani abu da ido ba ya gani ya kusa raba ta da ƙafarta, da yadda rashin ganin mutanenta ya kusa ƙarasa aikin. Likitoci sun yi nasu, tagar ma ta yi nata. Kafso kuwa, na daina saye sai likita ya rubuta.

Yanzu da wannan ƙafar take zaga gari dubiya. Duk gidan da ta shiga, kafin ta miƙa wa mara lafiya hannu sai ta ce a kawo mata buta da sabulu. Gwaggo takan harare ta ta ce iyayin asibiti ne, sannan ita ma ta miƙo hannu a zuba mata.