Rumbu Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Shekarar da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Haɗeja, Kawu ne ya fara ba ni aiki. Shi ne shugaban manoman shinkafa na unguwarmu. Malamin gona ya zagaya fadama ya auna gonakinsu da waya, ya turo fayil ɗin, Kawu kuma yana so a buga wa kowa taswirar gonarsa kafin ruwa ya sauka.

Kwamfutata tsohuwa ce, tsarin da ke kanta irin na kyauta ne, wanda duk manhajar da kake so daga wani rumbu a intanet kake saukar da ita. Rumbun nan ba ya gaggawa, sai abin da aka gwada aka tabbatar yake bayarwa. Manhajar taswirar da ke cikinsa ta tsufa, ta ƙi buɗe fayil ɗin. Sai na ƙara rumbu na biyu, na sababbin manhajoji da ake kan gwadawa, na ba da umarnin sabuntawa. Allon ya cika da sunaye. Kwamfutar na neman canza kusan komai nata, har da abin da ke tafiyar da firinta, tana jira in ce eh ko a'a.

Kawu na zaune gefena a zaure yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Me take nema?"

"So take in yarda, Kawu."

"To, yarda mana."

Na kai yatsa, sai na fasa. Na kira malamar da ta koyar da mu wannan tsarin. Ashe tana Kafin Hausa gidan biki, ina jin hayaniyar mata a bayanta. Da na gama bayani ta yi dariya.

"Da ka danna eh, da yau ka wuni gyara," in ji ta. "Kwamfuta sabon abu kawai take bi in ba ka nuna mata wanda ke gaba ba. Buɗe fayil a wurin da ake rubuta fifiko. Tsohon rumbu ka ba shi lamba ɗari tara, sabon ka ba shi ɗari. Sannan ka rubuta sunan manhajar taswirar ita kaɗai, ka ce daga sabon za ta zo, ka ba ta ɗari tara da casa'in."

"Shi ke nan, Malama?"

"Shi ke nan. Ka duba rubutunka da kyau."

Ban duba da kyau ba. Jerin nan ya sake fitowa yadda yake, sai a karo na uku na ga na tsallake harafi ɗaya a sunan sabon rumbun. Ina gyarawa jerin ya koma 'yan layuka: manhajar taswira da ƙananan abubuwan da take buƙata. Na danna eh.

Gonar Kawu muka fara bugawa. Ya yi ta juya takardar har kogi ya koma ɓangaren da ya san shi, sannan ya ɗora yatsa a wata kusurwa ya ce nan ne ruwa ya ci masa bara. Bayan la'asar manoma suka cika zauren, kowa na neman tasa. Wani dattijo ya dage gonarsa ta fi haka girma, Kawu ya ce ya je ya gaya wa malamin gona. Duk da haka dattijon ya naɗe takardar a hankali ya sa cikin hula, washegari kuma ya aiko mini da busasshen kifi.