Kitson Rahina

Damina ta ƙi sauka da wuri a shekarar da ɗiyata Rahina ta rasu. Zafi ya cika unguwarmu Tishigu, kowa na duban sama, ni kuwa kan ɗiyata nake duba. Bana shekara biyar ke nan.

Tana ƙaramar firamare aka ce tana da kansar jini. Muka yi ta zirga-zirga zuwa Kumasi, aka ba ta magani, aka gasa mata kai da na'ura, gashi ya zube tas. Allah ya sa ta warke. Da gashin ya dawo, ni na yi mata kitson farko. Ta girma, ta koyi ɗinki, har ta buɗe shago a Gurugu.

Sai ciwon kai. Duk gidan muka ce kitso ne ya yi tsauri, don ita ba ta son mai sako-sako. Na kwance, na sassauta, ciwon bai tafi ba. Da almakashi ya fara kuɓuce mata a hannu, aka yi hoton kai. Ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Likita ya sassauta murya ya ce wasu kaɗan cikin waɗanda aka gasa wa kai suna yara, yakan fito musu bayan shekaru.

Makon jiya maƙwabciyata Fati ta kawo mini 'yarta kitso. A nan ba a tunkarar uwar mamaci da tambaya kai tsaye, sai an fake da wani abu. Na riga na ji yarinyar na da ciwon Rahina na farko, an kira su Kumasi, ba su je ba.

"Mman Rahina," ta ce, idonta a ƙasa, "mutane na cewa maganin ne ya kashe ta. In kai tawa?"

Tsinken kitso ya tsaya a hannuna. Ban iya ce mata ƙarya suke yi ba. Ban iya ce mata kar ta kai ta ba. Haka na gama kitson, suka tafi.

Na zauna ina tunanin me Rahina za ta ce. Na san dariya za ta fara: "Haba Mma, ba don maganin ba, wa zai ɗinka miki kayan Sallah?" Da gaskiyarta. Ba don shi ba, da tun tana firamare na binne ta, ban ga girmanta ba, ban ji ƙarar keken ɗinkinta ba.

Washegari bayan asuba na sa rigar da ta ɗinka mini, na ƙwanƙwasa ƙofar Fati. Na ce ta goyo yarinyar, tare za mu, motar Kumasi ba ta jiran kowa.