Ruwan da Nake Saki Ran Lahadi

Shekarar da na yi aure na shiga aiki a wani kamfanin jima a Challawa, lokacin da masana'antu ke ta tsirowa a kan gonakin da muka yi wasa a cikinsu. Kafin nan Babanmu nake taya aikin lambu a bakin kogi, muna noma albasa da tumatir da salak. Lebura aka ɗauke ni, ina jan ƙiraga daga ramin farar ƙasa, inda ake jiƙa su gashi ya fita. Da na shekara huɗu foman ya ga ba na fashi, sai ya damƙa mini makullin babban ramin da ke bayan kamfani, inda duk ruwan wankin fata yake taruwa. Aikina in buɗe bakin bututu in ramin ya cika, ruwan ya bi kwata ya tafi. Na san inda yake zuwa sarai, don kwatar tana faɗawa kogi sama kaɗan da lambun Babanmu. Amma ban taɓa bin ta da ƙafa ba, kuma ba na son a tambaye ni.

Ƙanena shi kaɗai aka sa boko a gidanmu. Shekara shida na ba shi. Ya yi karatu har jami'a ta riƙe shi yana koyarwa, fanninsa kuwa ruwa da ƙasa. Tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko tuwo muke ci, ƙafarsa tana rawa a kan tabarma.

Wata Asabar da rani ya zo gaida Baba, ya same mu a lambu. Baba ya naɗe wando yana cikin ruwa yana gyara bakin rariya. Ƙanena ya daɗe yana kallon ƙwaurinsa, duk sun yi ƙuraje sun tsattsage.

Ya ce, "Baba, tun yaushe ƙafarku take haka?"

Baba ya ce, "Tun da ruwan nan ya fara canja riga. Yau baƙi, gobe shuɗi, jibi kamar an yanka rago a ciki. Amma ka ga salak ɗin? Bai taɓa yin ganye irin na bana ba."

"Kifi fa?"

"Kifi kam sun yi hijira."

Ƙanena ya tsinki ganyen albasa ya murza, ya shinshina. Sati na zagayowa sai ga shi a kan babur da kwandon kwalabe.

Daga nan bai ƙara hutawa ba. Ya bi kwatocin Sharada da ƙafa har inda suke haɗuwa da rafi. Ya bi na Bompai, ya shiga unguwannin da suke ratsawa, yana tambayar mata daga bayan ƙyaure wace rijiya suka daina sha. Masu gadi sun kore shi ba sau ɗaya ba. Takalminsa ya ruɓe, wuyansa ya fito, Innarmu tana cewa wane irin malami ne wannan da kullum yake warin majema.

Ni kuwa ina ta kaucewa. In na hango baburinsa a ƙofar gidan Baba sai in wuce masallaci.

Ranar da ya ritsa ni, a gidana ne a Panshekara, na dawo daga aikin safe ina wanke hannu. Ya ƙi zama a kujerar da matata ta kawo masa.

Ya ce, "Yaya, wata uku ina ɗibar ruwa a bakin kwatarku, Litinin zuwa Juma'a. Abin da nake samu bai kai abin da ke ƙafar Baba ba. Yaushe kuke saki?"

Na ce, "In rami ya cika."

"Yaushe yake cika?"

"Kai, ni ma'aikaci ne. Ba ni na gina kamfanin ba."

"Ban ce kai ka gina ba, Yaya. Rana kawai nake tambaya."

Na ce masa ya sha ruwa ya tafi, ina da gajiya. Ya tafi bai sha ba.

Sati uku na yi ban san inda zan sa kaina ba. In na zauna a gida sai in ji kamar bango zai matse ni, in na fita majalisa sai in kasa jin abin da ake faɗa. Na fara bin hanyar bakin kogi a kan keke maimakon titi, ba don komai ba, in tsaya in kalli matan da ke wanki, in wuce. A wurin aiki na riƙa kallon abokan aikina, mutanen ƙauyukan Kano da na Haɗeja da na Damagaram, kowa da bakunan da yake ciyarwa, ina tunanin in aka rufe wurin nan saboda maganar da ta fito daga bakina, da wane ido zan dube su. Da yamma kuma in je in tarar da Baba yana shafa man kaɗanya a ƙwauri. Matata ta gaji da juyina, ta ce, "Malam, ko ka faɗa masa, ko ka ce masa ba za ka faɗa ba. Wannan kai-komon ya isa."

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sami ƙanena yana kwance baburinsa. Ban ko yi sallama yadda ya kamata ba. Na ce, "Lahadi, bayan azahar. Lokacin ba wani jami'i da ke yawo."

Ya ce, "Na gode, Yaya."

Na ce, "Kada ka gode mini."

Lahadin nan na murɗa bakin bututun da hannuna, kamar kullum. Ruwan ya fita da ƙarfi, shuɗi-shuɗi, da gashi da kitse a samansa. Na tsaya ina kallonsa yana gangarawa, na san ƙanena yana can ƙasa ya tsuguna da kwalba yana jiransa.

Ya ɗauki kusan shekara yana wannan ɗibar kafin ya rubuta abin da ya gano. Da Turanci ya rubuta, amma ya zo gida ya shimfiɗa taswira a kan tabarma ya yi mana bayani da Hausa. Ya nuna mana inda kamfanoni suke, da inda manajoji da masu kamfanoni suke kwana, da hanyar da ruwan yake bi.

Ya ce, "Baba, ku duba. Babu kwata ko ɗaya da ta bi ta ƙofar gidan wanda yake cin ribar. Duk ta kanmu suke bi. Maganar da na rubuta ke nan. Ba ruwa kaɗai ba ne, magana ce ta wa aka zaɓa ya sha."

Baba ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya sa yatsa ya ce, "Nan ne lambuna?" Aka ce masa nan ne. Ya ce, "Ashe ƙarami ne."

Ya karanta takardar a wani taron malaman jami'a, daga nan maganar ta kai rediyo. Bai ambaci sunan kamfani ba, bai ambaci nawa ba, amma ya ambaci Lahadi. Kwana biyu bayan nan manaja ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko gaskiya ne malamin nan ɗan'uwana ne, na ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ya miƙo hannu, na ba shi makullin. Aka mayar da ni ramin farar ƙasa, cikin yaran da ni na koya wa aiki.

Wata biyar ban yi wa ƙanena magana ba. Ya zo gidana sau uku, ina jin muryarsa in ce a ce ba na nan. Ba wai ina ganin ya yi ƙarya ba ne. Haushina shi ne shi ana kiransa a rediyo, ni kuwa tafin hannuna yana saɓulewa.

Shi ma ashe ba daɗi yake ji ba. Yana ta zirga-zirga a ofisoshin gwamnati da ke Nassarawa da takardunsa, yau a ce ya dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Gwamnati ta canja, ya sake farawa daga tushe. Da a ƙarshe aka kafa kwamiti aka kira shi, sai ya ce ba zai buɗe baki ba sai manoman bakin kogi sun fara magana. Ya ɗauki hayar mota ya kwaso su. Baba ne ya aiko a kira ni, ya ce, "Ba zan shiga ofishin gwamnati ɗana ɗaya a gaba, ɗaya a gida ba. Tashi mu tafi." A cikin motar muka gaisa da ƙanena, kowa yana kallon taga.

Baba bai yi dogon jawabi ba. Ya ɗaga wandonsa ya nuna musu ƙwauri, ya ce shi ba ya so a rufe kamfani, don ɗansa a can yake ci, yana so dai a wanke ruwan kafin a aiko masa. Na ga wani babban jami'i ya ajiye biro ya kalli ƙasa.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauri ba, kuma bai zo duka ba. An umarci kamfanoni su gina tafkin tace ruwa. Wasu sun gina, wasu sun haƙa rami sun sa allo. An yi wa ƙauyenmu rijiyar burtsatse, mata suka daina ɗibar ruwan sha a kogi. An kira ƙanena Ikko ya zauna cikin masu tsara ƙa'idojin zubar da ruwan masana'antu, ɗalibansa kuma suka bazu a ma'aikatu. Baba ya bar lambun ya koma saro albasa daga Kura. Kamfaninmu ya gina nasa tafkin, injinsa yana aiki in akwai kayan gyara, da tattalin arziki ya karye kuwa sai ya fi yawan tsayawa. Ƙanena bai taɓa cewa ya yi nasara ba. In an yabe shi sai ya fara lissafo kwatocin da ba a taɓa ba.

Sau ɗaya na taɓa shiga ajinsa. Shi ya matsa mini, na je da kayan aiki a jaka don ina da aikin rana. Ya gabatar da ni ga ɗalibai, ya ce wannan yayansa ne, kuma duk ajin babu wanda ya san ruwan nan kamarsa. Suka yi ta tambaya, ina amsawa. Can wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta ce, "Baba, tun da kun san inda ruwan yake zuwa, me ya sa ba ku ƙi buɗewa ba?"

Ƙanena ya yunƙura zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Na ce mata, "'Yata, 'ya'yana biyar ne a lokacin. Kuma in na ƙi, kafin la'asar an ba wani makullin."

Ta rubuta a littafinta. Na duba agogon bango na ga lokaci ya ƙure, na ɗauki jakata na fita kafin a tashi. A kan keke har Challawa ina ta juya amsar nan a raina, ina neman wadda ta fi ta. Na isa ƙofar kamfani ana busa jiniya, ban samu ba.