Za a Hau Sama

A unguwarmu ta Samaru, tun ina ƙarama, ba a hawa rufin ɗaki a ɓoye. In kafinta zai gyara kwano, sai ya tsaya a gindin tsani ya ɗaga murya sau uku: "Masu gida, za a hau sama!" Mai wanka ta kintsa, mai tsifar kai ta ja ɗankwali. Musulmi da Kirista duk haka muke yi, kuma ba wanda ya rubuta mana shi a takarda. Na taɓa ganin mahaifiyata ta sauko da wani mai gyaran eriya daga kan katanga da bakinta kaɗai, don bai yi kiran ba.

Mama ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta cocinmu, shekara da shekaru. Mace ce mai son a gan ta tsaf. Ankon zumunta sai ta goge shi ranar Juma'a, ta sake gogewa Lahadi da sassafe, in ba wuta da dutsen guga na gawayi. In ta kafa ɗauri ta rungumi tulun nan, har mazan da ke gyangyaɗi a bencin baya sai sun farka.

Sai ɓarin jikinta na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta koma rabi. Ranar da muka dawo daga asibiti ta kama hannuna da hagunta, ta yi ta fama har na gane abin da take nufi: kada 'yan zumunta su zo. "Su tuna ni a tsaye," in ji ta. Na ce, "Mama, ai ciwo ba abin kunya ba ne." Ta harare ni. Wata takwas ina tare mutane a ƙofa ina cewa barci take, har aka soma kirana mai baƙin hali. Na ɗauka. Dama ban taɓa yin suna wajen fara'a ba.

Abu ɗaya ya rage mata na jin daɗi, hantsi. Ni malamar firamare ce, ranakun aiki goge mata jiki kawai nake yi a ɗaki kafin in fita. Asabar ce ranar wanka na gaske. Kujerarta mai taya ba ta shiga banɗakinmu, don haka a tsakar gida nake yi mata, bayan na sa an ƙara bulo biyu a katanga saboda ɗaliban da ke haya a gidan baya. In na gama, in shafe ta da man kaɗanya, in bar ta a rana. Sai ta jawo bokitin wankan da ƙafarta mai lafiya, in kifa mata shi a cinya, ta riƙa bugawa da hagu tana gunjin waƙa. A wannan sa'a ɗaya ce kawai nake sake ganin uwata.

Wata Asabar ana biki a layinmu. Ina cuɗa mata baya sai na ji ƙugi kamar na ƙudan zuma. Na ɗaga kai, ga ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto, bai fi faifai ba, ya tsaya cak a kanmu. Kafin in wawuro zane ya wuce. Mama ta bi shi da kallo, har da ɗan murmushinta. Ta ɗauka abin wasa ne, ni kuma ban gaya mata ba.

Bayan mako biyu bidiyon bikin ya bi wayoyi. An buɗe shi da unguwa daga sama, ga kwanuka, ga jerin keke mai ƙafa uku a bakin titi, sai tsakar gidanmu. Tsohuwa a kujera, kumfa a ka, hannu ɗaya a lanƙwashe, ba komai a jikinta. An ɗora wa bidiyon kiɗa mai daɗi.

Ba wanda ya yi mata dariya, kuma da dariyar aka yi da na san da wa zan yi faɗa. Lahadi bayan an tashi sujada a coci sai ga 'yan zumunta a ƙofarmu, sanye da anko, da kulolin abinci, wasu na kuka tun daga waje. Babbarsu ta ture ni gefe ta ce, "Ke 'yar nan, ashe haka Mama ta koma kika ɓoye mana? Mun gani da idonmu." Suka cika ɗakin, suka durƙusa, suka ɗauki waƙar da ita ta koya musu, wata na buga tulun Mama. Ƙauna ce ta kawo su, na sani. Mama ta juya fuska ga bango har suka tafi. Da na dawo daga rakiya ta tambaye ni, "A ina suka gani?" Na gaya mata gaskiya.

Washegari na nemi mai bidiyon a shagonsa a Sabon Gari. Na zazzage masa har maƙwabtansa suka fito. Ya ce, "Madam, ai sakan uku ne kawai, ni ban ma lura ba." Ya goge nasa a gabana. Na ce na wayoyin mutane fa? Ya buɗe hannuwa.

Daga nan na wuce ofishin ƙaramar hukuma. Wani dattijo mai furfura ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe, ya yi salati. Ya ce da maƙwabci ne ya fasa taga tana leƙen gidanmu, da sun san abin yi. Da katanga ce aka haura, ga 'yan sanda. "Amma sama, Malama, ba huruminmu ba ne, sai can Abuja." Na ce, "Baba, ni ba Abuja nake nema ba. Ku sa doka su riƙa kira kafin su tashi abin nan, kamar yadda kafinta ke yi." Ya ce magana ce mai kyau, in rubuto. Na rubuto, shafi biyu, da rubutuna mai kyau na allo. Har yau ko ofis ko ni ba wanda ya sake tayar da maganar, kuma kowace Asabar jiragen na shawagi.

Mama ba ta ƙara yarda an fitar da ita ba. Na roƙa, na yi fushi, na ce likita ne ya ce. Ko labulen taga ba ta bari a ɗaga. Bokitin kuwa, in na kifa mata a cinya sai ta bar shi ya gangara ƙasa. Jikinta ya soma yin gyambo saboda kwanciya, ni kuma na soma tsanar ranar Asabar.

Dabarar ƙarshe da ta zo mini ita ce in rufe tsakar gidan da kwano. Na san in an rufe ba sauran hantsi, amma na ce ko iska ce ta sha. Na kira wani tsohon kafinta da ya san mu tun Baba na da rai. Ya jingina tsaninsa, ya gyara hula, ya yi abin da ya saba. "Masu gida, za a hau sama!" Sau uku. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinta na ji ta tana kokawa da harshenta, irin faman da ta yi ranar da muka dawo daga asibiti. Na sunkuya na kai kunne.

Ta ce, "Ce masa ya hau. An riga an gani."