Hannun Baba Ribas

Duk direban da ya taɓa kawo kaya babban siton nan ya san lungun, kuma ba mai yi masa fatan alheri. Ƙofar tana can ƙurya, ba wurin juya mota, dole da baya ake shiga. Katangar makaranta a hagu, shagon wata mai ɗinki a dama, tsakaninsu da ƙyar tirela ke wucewa. Wanda ya tsara ginin nan, Allah ya yafe masa, ni dai ban yafe ba.

Shekara talatin da ɗaya mutum guda ke shigar da motoci ta nan, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baba Ribas yake ce masa. Bai taɓa riƙe sitiyari ba, ko keke bai iya ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a baya, daidai inda direba zai hango shi a madubi. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka hannunsa na dama shi ne bakinsa. In ya ɗaga tafi a buɗe, taho ke nan. In ya karkata shi, a karya kan mota. In ya dunƙule, a taka birki. A hagu kuma yana riƙe da guntun gungume na tokare taya. Da wannan ya ciyar da 'ya'ya shida, kuma ko fenti mota ba ta taɓa gogewa a gabansa ba. Yakan ce tuƙin gaba na kowa ne, a ribas ake sanin direba.

To, wata biyu ke nan hannun ya fara yi masa gardama. Yatsun sukan sandare, da safe sai ya tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwashe. Matarsa ta yi maganar asibiti har bakinta ya gaji, ya ce sanyi ne kawai. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Ya san halin manajan siton sarai: ranar da ya ji, ranar zai kawo wani. Shi kuwa in aka raba shi da lungun nan, bai san me zai tashi ya yi da safe ba.

Ran nan da rana tsaka sai ga ƙanensa da tirela shaƙe da siminti. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, Baba ne ma ya kai shi koyon mota. Ya leƙo ta taga ya gaida yayansa, har da tsokanar wai tsufa ya hana shi tsayuwa sosai, sannan ya sa giyar baya.

Motar ta fara tahowa a hankali. Rabin lungu lafiya lau. Daga nan akwai ɗan gangare, sai gindin tirelar ya fara zamewa dama, wajen shagon. Mai ɗinki tana ciki, ta jingina bayanta da wannan bangon, keken ɗinkinta na ta ƙara. Baba ya ga dole a tsaya, a ja gaba, a sake saiti. Ya je dunƙule hannu, hannu ya ce bai san zancen ba.

Ya sake gwadawa. Tafin na nan a sama, a buɗe, yana cewa taho. Ƙanen kuwa ba ya duban komai sai hannun, don kuwa haka aka koya masa. Baba ya ƙwala ihu, inji ya haɗiye. Saura taku uku, saura biyu. Zufa ta keto masa. Ya duƙa ya cusa gungumen ƙarƙashin taya, saura ƙiris ta haɗa da hannunsa. Tirelar ta hau itacen ta yi girgiza, birki ya yi ƙara. Kwanon rumfar shagon ya lotse, bangon ya tsage daga sama har taga.

Mai ɗinki ta fito a guje ba takalmi. Manaja ya fito ya rufe direba da faɗa, ya kira shi makaho, ya ce kar ya sake ganin ƙeyarsa a lungun nan. Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne, bai duba madubi ba. Baba yana tsaye yana jin wannan ƙarya, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Da mutane suka watse, ƙanen ya zo ya tsaya kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

“Yaya, dunƙule hannunka in gani.”

Baba ya miƙo shi. Yatsun suka motsa kaɗan, suka tsaya.

“Na yau na ɗauke maka,” in ji ƙanen, idonsa ya yi ja. “Amma wanda zai shigo bayana ba ƙanenka ba ne, kuma matar nan tana da yara.”

A bakin titi wata motar ta riga ta juyo baya, direban yana danna hon, yana neman Baba a madubi. Baba ya dubi wurin tsayuwarsa, inda ƙafarsa ta cinye siminti har ya yi rami. Bai je ba. Ya sa hannun a aljihu, ya nufi ofishin manaja, hon na ta kiransa.