Babban Yatsana da Ƙotar Fartanya

Ina cikin shekara ta ashirin da biyu da fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu, wani kwamiti mai ba gwamnati shawara kan ma'aikata ya ce sunaye sun yi yawa, wasu ma babu masu su. Da rani aka zo aka ɗauki zanen yatsunmu. Da damina ta faɗi aka ce kowa ya je sakatariya ya ɗora babban yatsa a kan na'ura. Wanda ta gane ya koma bakin aikinsa. Wanda ya je sau biyu tana ƙin sa a soke sunansa, ya zama ma'aikacin bogi.

Ban taɓa ganin 'yan kwamitin nan ba, amma na tabbata babu wanda ya taɓa riƙe fartanya a cikinsu. A wajenmu malamin makaranta manomi ne, ana tashi zai ajiye alli ya nufi gona.

Na ɗora yatsa, na'ura ta nuna ja. Matar da ke kula da ita ta goge gilashin, na sake, ja dai. Ta ce in buɗe hannuna ta gani.

"Malam, ai zanen ya shafe, kantar riƙon fartanya ce kawai. Ka dawo bayan mako uku. Amma fa daga wannan babu wani."

Ban san yadda na tuƙa babur na iso gida ba. Tsoro na ji, tsoro sosai. Yaran da na koya wa karatu har sun aurar da ƙannensu, amma ga wani ɗan akwati yana shirin cewa babu ni.

Maiɗakina ce ta yanke hukunci: babu ni babu fartanya har ranar. Safe da yamma ta shafa mini man kaɗanya ta naɗe yatsan da tsumma, tana tsokanata wai ta samu amarya a lalle. Dariyar iyakarta baki, don na sha kama ta tana leƙen yatsan idan ta kwance tsumman.

Ana tsakiyar noman firi kuwa, wato noman farko, kowa na fama da tasa gonar, babu ɗan ƙwadagon da zan ɗauka. Gonakinmu manne suke da juna, layin gamba ne kawai iyaka, don haka duk mai wucewa yana ganin ciyawa na shaƙe mini gero. Maƙwabcin gonata ya ɗago daga kan kunyar da yake nomewa ya ce, "Malam, ko an ba ka kujera a Kano ne ba mu ji ba?" Na ɓoye hannu a aljihu na wuce.

Ranar komawa, gumi ya jiƙa min tafi tun ina kan layi. Na goge a riga, na yi bisimilla, na ɗora. Na'urar ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta nuna kore. Na yi hamdala.

Matar ta miƙo mini 'yar takarda ta ce, "Kwamiti ya ba da shawarar a riƙa yi duk shekara. Sai baɗi war haka."

Da la'asar na shiga gona. Rabin geron ya riga ya yi rawaya a cikin ciyawa. Na ɗauki fartanya, na ga hannuna ya ƙi damƙar ƙotar yadda ya saba. Har yau da yatsu huɗu nake noma, babban yana tsaye a sama, mutane suna dariya.